Inganta Hanyoyin Feshin Maganin Ƙwari a Gonakin Lemu



Gabatarwa

Idan feshi bai ci ba, manomi yakan ɗora wa magani laifi. Sai ya ƙara ma'auni, ko ya koma kasuwa neman wanda aka ce ya fi ƙarfi. Wannan takarda tana son nuna cewa sau da yawa maganin ba ya ma isa inda ƙwaron yake. Batun ya shafe mu duka, daga manyan gonakin Jihar Binuwai da ke cika kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, har zuwa ƙananan lambunanmu.

Sanin ƙwaro kafin ɗaukar famfo

Kowane ƙwaro da maɓoyarsa. Tsutsar da ke haƙa cikin ganye har ya nannaɗe sabon toho take bi, don haka fesa tsohon ganye asara ce. Masu tsotsar ruwan bishiya suna lafewa a ƙarƙashin ganye da cikin rassa. Ƙudan 'ya'yan itace mai suna Bactrocera dorsalis, wanda a Afirka aka fara ganinsa a Kenya a 2003 kafin ya bazu zuwa Afirka ta Yamma, yana huda ɓawo ya zuba ƙwai, tsutsarsa ta girma cikin lemun, inda feshi ba ya kaiwa. A 2020 kuma aka ba da rahoton ganin Diaphorina citri a Jihar Oyo, ƙwaron da ke yaɗa cutar da ta durƙusar da noman lemu a Florida ta Amurka tun bayan ɓullarta a 2005. Shi ma sabon toho yake nema.

Gyaran famfo da ma'auni

Yawancinmu famfon goyo muke amfani da shi, kuma da bakin famfo guda muke fesa ciyawa da ƙwari. Wannan kuskure ne. Bakin feshin ciyawa manyan ɗigo yake fitarwa, shi kuwa maganin ƙwari yana son bakin da ke watsa ƙananan ɗigo a zagaye, su ratsa cikin ganye. A ɗaga bakin daga ƙasa zuwa sama, a shiga cikin bishiyar, a tsaya da zarar ganye ya jiƙe. Duk abin da ya ɗiga ƙasa kuɗi ne ya zube.

Kafin a haɗa magani, a cika famfo da ruwa zalla, a fesa bishiya 10, a auna abin da ya ragu. Da haka za a san ruwan da kowace bishiya ke ci, a haɗa daidai da umarnin da ke jikin kwalba. Ruwa mai laka yana toshe baki, mai kanwa-kanwa kuma yana rage ƙarfin wasu magunguna. Sassabe rassan da suka cunkushe yana buɗe wa feshi hanya.

Lokaci da dabara

A yi feshi da sanyin safiya ko da yamma, lokacin da iska ta kwanta. A guje shi idan bishiya tana fure, saboda ƙudan zuma.

Game da ƙudan 'ya'yan itace, wanke bishiya duka da guba ba shi ne mafita ba. Akwai maganin tarko mai haɗe da abincin da ƙudan ke so da sinadarin spinosad, wanda ake fesawa a ɗan gefe guda na bishiya, ƙudan ya zo da kansa ya ci. A haɗa da tsince lemun da ya faɗi a binne shi da zurfi. A riƙa sauya rukunin magani, domin sauya suna kawai ba ya hana ƙwari sabawa.

Lafiya da kasuwa

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda ragowar sinadarin dichlorvos. Darasi ne ga mai lemu: a kiyaye kwanakin da aka ƙayyade tsakanin feshi da tsinka, a sayi magani mai rajistar NAFDAC, mai feshi ya rufe hanci da hannu da ƙafa.

Shawarwari

Ina kira ga cibiyar NIHORT ta Ibadan da reshenta na Bagauda, tare da hukumomin raya aikin gona na jihohi, su kai koyar da auna famfo cikin gonaki, su fi mai da hankali ga matasan da ake ɗauka aikin feshi, domin a hannunsu famfon yake. Maƙwabtan gonaki kuma su riƙa yaƙar ƙuda a lokaci ɗaya, tunda ƙuda bai san iyakar gona ba.

Allah ya ba mu albarkar noma.