Ga Tuwo Ga Miya, Amma An Kasa Ci



Maganarmu ta yau a kan abinci take, amma ba ta fuskar noma shi ko tsadarsa a kasuwa ba. Za mu duba halin mutumin nan ne da aka ajiye wa akushi a gabansa, ga tuwo ga miya, rama ta bayyana a jikinsa, amma ya kasa kai loma baki. Kowannenmu ya san irin wannan mutum a gidansu ko a maƙwabta. In yaro ne sai mu ce shagwaɓa ce, in babba ne mu ce iyayi ne, in abin ya yi tsanani kuma mu ce iska ce ko maita. Abin da muke so mu nuna shi ne, a cikin waɗannan mutane akwai marasa lafiya na haƙiƙa, cutarsu tana da suna, tana kuma da magani.

Kafin mu kai ga cutar, dole mu tsaya a gida tukuna, domin wanda zai yi wannan magana a Batsari ko Safana bai kamata ya fara da littattafan Turai ba. Waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna bakin Dajin Rugu ne, suna kuma cikin waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka fi taɓawa a Jihar Katsina. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari, kuma a shekarun nan ƙauyuka da yawa sun watse, gonaki sun kwana ba shuka. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda take aiki a Katsina tun 2021, ta ba da sanarwa cewa a watanni shida na farkon 2025 yara 652 sun rasu saboda tamowa a wuraren da take jiyya a jihar. Saboda haka in an kawo mana yaro ramamme daga wannan yanki, tambayar farko ita ce, akwai abinci a gidansu? Su kansu masanan da suka tsara bayanin cutar da za mu ambata sun gindaya sharaɗi cewa ba a kiran mutum mai ita in rashin abinci ne ya hana shi ci, ko kuwa wata al'ada ko ibada irin azumi.

Tambaya ta biyu ita ce, shin wata cuta ce ta jiki ta ɗauke masa sha'awar ci? Zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, gudawa, tsutsar ciki, ƙurajen baki da ƙarancin jini duk suna yin haka. Ita kanta tamowa in ta yi nisa tana kashe sha'awar abinci, shi ya sa a cibiyoyin jiyya ake yi wa yaro gwajin ci. Bayan an auna damtsensa, in bai kai milimita 115 ba an san tamowar mai tsanani ce. Daga nan sai a ba uwa ƙunshin abincin nan na gyaɗa da madara, Plumpy'Nut, wanda likitan Faransa André Briend ya ƙirƙiro a 1996, aka kuma ga amfaninsa sosai a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Uwa za ta koma gefe inda ba hayaniya ta miƙa wa ɗanta, ba tsawa ba tilas. In ya ci, sai a sallame su da na mako a ci gaba a gida. In ya ƙi, alama ce ta haɗari, sai a kwantar da shi a fara da madara ta musamman kaɗan-kaɗan.

To, in abinci yana nan, likita kuma ya duba bai ga cutar jiki da za ta bayyana abin ba, amma ƙin cin ya ɗore har ya hana yaro girma, ko ya jawo ƙarancin abubuwan gina jiki, ko ya hana mutum shiga jama'a, a nan ne muka iso ga cutar da likitoci suke taƙaita sunanta da ARFID, watau cutar gudun abinci da taƙaita shi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ita littafinta na rarrabe cututtuka a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin sabon kundinta da ya fara aiki a 2022. Ta bambanta da cutar nan ta masu ƙin ci don tsoron ƙiba, domin mai wannan bai damu da siffar jikinsa ba, sau da yawa ma so yake ya yi ƙiba ya kasa.

Cutar tana zuwa ta hanyoyi uku, wani lokaci su haɗu a mutum ɗaya. Akwai wanda yanayin abincin ne yake tayar masa da zuciya: yauƙin kuɓewa, warin daddawa, gudajin da ke cikin fura. Irin wannan sai a ga ya tsaya a kan shayi da burodi ko taliya kaɗai shekara da shekaru, kuma an fi samun haka ga yara masu lalurar galahanga. Akwai wanda tsoro ne ya kama shi, domin ya taɓa ƙwarewa, ko ƙayar kifi ta maƙale masa, ko ya yi amai mai wahala, daga ranar sai ya koma kunu da ruwa. Akwai kuma wanda ba ya jin yunwa sam, loma uku ta ishe shi, cin abinci a wurinsa aiki ne.

Kada mu ɗauka abin wasa ne. A 2019 likitoci a Biristol ta Ingila sun ba da labarin wani saurayi da ya rayu a kan soyayyen dankali, farin burodi da ɗan sarrafaffen nama. Jikinsa bai nuna rama ba, amma rashin bitamin B12 da wasu sinadarai ya lalata masa jijiyar ido, yana da shekara 17 ganinsa ya tafi. Watau cikar ciki daban, ƙoshin jiki daban.

A nan ya wajaba mu dubi wata al'adarmu da idon basira, watau ɗura. Uwa ko kaka takan kwantar da yaro a cinya, ta tara kunu a tafin hannu a bakinsa, ta toshe masa hanci har ya haɗiye. Ba mugunta ce ta sa ta ba, tsoron kada ɗanta ya mutu ne. Amma kunun yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu ya jawo ciwon haƙarƙari ko ajali nan take. Ko da yaro ya tsira daga wannan, ya koyi darasi ɗaya, cewa abinci da shaƙewa tare suke zuwa. Gobe da ya hango moɗa sai ya fara kuka, uwa ta ƙara ɗura, tsoro ya ƙaru. Haka ma yayen da ake yi rana ɗaya, a shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauke yaro a kai shi gidan kaka, alhali bai riga ya saba da abinci ba.

Yaya ake maganinta? Babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana warkar da ita ita kaɗai. Maganin koyarwa ne da sabo. Masana biyu na babban asibitin Masacusets da ke Boston, Jennifer Thomas da Kamryn Eddy, sun tsara wata hanya da ake kira CBT-AR don masu shekara 10 zuwa sama, har da manya, ana yin zama 20 zuwa 30. Da farko a gyara abin da jiki ya rasa, a kuma tsayar da lokutan cin abinci, a ci bisa agogo ko ba a jin yunwa. In mutum ramamme ne, a fara ƙara masa yawan abin da ya yarda da shi, ko da kunun gyaɗa ne kawai, kafin a nemi ya karɓi sabo.

Bayan haka sai a fuskanci tushen abin. Mai ƙyamar yanayin abinci ana kawo masa ɗan kaɗan, ya dube shi, ya taɓa, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya tauna, yana faɗin abin da ya ji ba tare da cewa da daɗi ko ba daɗi ba, a maimaita kullum. Binciken Leann Birch a Amurka tun shekarun 1980 ya nuna cewa yawan ɗanɗana sabon abinci shi ke sa yaro ya karɓe shi, sau da yawa sai an kai sau goma ko fiye, alhali mu sau biyu muke gwadawa mu ce ba ya so. Mai tsoron shaƙewa kuwa tsani ake kafa masa: daga koko zuwa kunu mai kauri, zuwa fate, zuwa tuwo mai laushi, zuwa ɗanwake, har a kai ga nama, ba a hawa mataki sai tsoron na ƙasa ya kwanta. Sannu ba ta hana zuwa. Game da ƙananan yara, iyaye ne ake koya wa aikin, kuma ƙa'idar da masaniyar abinci Ellyn Satter ta shimfiɗa tana da sauƙin riƙewa: iyaye ke zaɓen abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro ke zaɓen ko zai ci da kuma yawan da zai ci. Sai dai wannan ƙa'ida ta yaron da jikinsa bai faɗa haɗari ba ce. Wanda ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a kai shi ba jinkiri.

Manyan da ke da wannan lalura su ne suka fi ɓoyewa. Akwai ma'aikacin da ba ya zuwa walima, akwai amaryar da dangin miji suke cewa tana raina girkinsu, akwai ɗalibin da ba a taɓa ganin ya sa hannu a tire ɗaya da abokansa ba. Kunya ta hana su magana, domin a wurinmu wanda ya ga likitan ƙwaƙwalwa sai a ce ya taɓu. Ya kamata mu sani cewa a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano. Amma daga ƙauyen Safana zuwa can tafiya ce mai kuɗi, saboda haka ilimin ne ya kamata ya je wurin mutane.

Wannan kuwa aikinmu ne. Mu da muka sami karatu, in mun koma gida hutu, mu zauna da iyayenmu mata cikin ladabi mu bayyana musu haɗarin ɗura, mu nuna musu amfanin cokali da ƙoƙo da haƙuri. Ba mu hana kowa addu'a ba, amma a haɗa ta da zuwa asibiti. Waɗanda za su zama malaman makaranta su lura da yaron da kullum yake ware kansa lokacin tara. Waɗanda za su riƙe ofisoshin lafiya na ƙananan hukumomi su sa wannan bayani cikin horon ma'aikatan ɗakunan shan magani, domin yaron da aka warkar daga tamowa amma ya fita da tsoron abinci zai sake dawowa. Waɗanda kuma suke karatun likitanci da aikin jiyya a jami'o'inmu, muna roƙonsu su ɗauki wannan batu su yi bincike a kansa da harshenmu da abincinmu, a garuruwa irin su Batsari da Safana, don mu san yawan masu fama da shi a cikinmu.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya mai da manomanmu gonakinsu.