INA HAƘƘIN MA'AIKATAN MASAƘUN KAKURI?

'Yan'uwa matasa, duk wanda ya tsallaka Kogin Kaduna ya nufi Kakuri da Makera, zai ga dogayen katangu da manyan ƙofofi a garƙame, ciyawa ta cinye harabarsu. Yaro mai shekara ashirin ba zai taɓa cewa a nan ne dubban mutane ke tururuwa safe da rana da dare, kowa da lokacin kama aikinsa ba. Nan ne masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957 a zamanin Sardauna. Daga baya su Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo, har ana yi wa Kaduna kirari da garin masaƙu.

Abin lura shi ne su wane ne ke tsaye a gaban injin. Bahaushe ne da Bajju da Tibi da Igala da Bayarabe, Musulmi da Kirista, ƙurar auduga ɗaya suke shaƙa, ƙarar inji ɗaya ke kashe masu kunne. Manaja bai tambayar addinin mutum kafin ya zaftare masa albashi, saboda haka su ma ba su tsaya tambayar juna ba kafin su haɗa kai.

A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta narkar da ƙananan ƙungiyoyin ƙwadago, ta mai da su manya guda 42. Cikinsu har da ta ma'aikatan masaƙu da ɗinki, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna. Ana cire kuɗin ƙungiya kai-tsaye daga albashi, don haka tana da abin hannu, ba ta zuwa maula wurin kowa. Kowane sashe na masana'anta yana da wakilinsa. In an kori mutum ba bisa ƙa'ida ba, kafin la'asar magana ta kai ofishin reshe. Da wannan tsari ne suka riƙa zama da masu masaƙu ana ciniki a kan albashi da alawus, har a cikin ƙuncin shirin SAP da Babangida ya ƙaƙaba wa talakawa a 1986. Wanda ya ƙi sauraro kuwa, injinansa su yi tsit.

Daga cikin wannan ƙura Adams Oshiomhole ya fito. Ma'aikacin Arewa Textiles ne, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, shugaban NLC a 1999, gwamnan Edo a 2008. Shi kam ya haye. To, waɗanda suka ɗaga shi a kafaɗa fa?

A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi daga waje. Ga fasa-ƙwauri, ga wutar NEPA da ba ta zama, ga tsadar baƙin mai, ga injina sun tsufa ba a sake su ba. A 2002 KTL ta rufe, aka watsar da ma'aikata ba tare da an biya su kuɗin sallamarsu ba. Kuma masaƙar ba ta wani Bature ba ce, jihohin Arewa 19 ke da ita! Gwamnoni sun zo sun tafi, kwamiti ya bi bayan kwamiti. Tsofaffin ma'aikata da matan waɗanda suka rasu sun yi ta fitowa da kwalaye suna neman guminsu, da yawansu an kai su makwanci ba su ga ko kwabo ba.

A nan ne ciwon yake. Makamin ma'aikaci shi ne ya tsai da inji. In injin ya riga ya mutu, da me zai yi yajin aiki? Sannan rikicin 2000 da na 2002 suka raba garin, kogin ya zama iyaka, maƙwabtan jiya kowa ya kwashe kayansa ya koma cikin nasa. 'Ya'yan mutanen da suka yi layi ɗaya a bakin ƙofar KTL, yau wannan yana acaɓa a Rigasa, wancan yana tura baro a Sabon Tasha, kuma ko sunan juna ba su sani ba.