Kuɗin shiga gandun namun daji da dokokin baƙo

(Wannan jawabi wani ɗan garinmu ne ya yi shi a taron ƙungiya na Yamai. Ya daɗe yana aikin gandun daji kafin ya huta. Mun buga shi don mutanen gida da ƴan ci-rani su ma su samu.)

 

A taron da ya wuce an kawo shawarar a kai ƴan lakwal na garinmu su ga raƙuman dawa in an yi hutu. Da aka zo kan kuɗin shiga sai magana ta rabu. Wasu suka ce: dabbar Allah, cikin ƙasarmu, don me za mu biya kafin mu gan ta? Wasu suka ce wannan harkar Nasara ce. Tambayar ba ta banza ba ce, shi ya sa aka ce in yi bayani.

Bari mu fara da wuraren. Babban cikinsu shi ne Gandun W, kudu da Yamai, wajen kilomita 150 ta hanyar Say da Tamu, ƙofarsa tana Tapowa. An kira shi W saboda a nan kogin Kwara ya yi lanƙwasa kamar wannan harafi na boko. Ƙasa uku suka raba shi: Nijar, Benin da Burkina Faso. Rabonmu hekta 220,000 ne. An mai da shi gandun ƙasa a 1954, kuma a 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Akwai giwa, zaki, ɓauna, gwanki, kanki, mugun dawa, dorina da kada, ga tsuntsaye fiye da iri 350.

Na biyu shi ne Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai kan hanyar Doso. Nan babu shinge, raƙuman dawa suna yawo ne cikin gonakin mutane. Na uku kuwa namu ne na kusa, wato Gadabeji, arewa da Dakwaro cikin jihar Maraɗi, hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955.

To, ga amsar tambayar. Dattawan da ke zaune nan sun san lokacin da barewa da jimina ke arewacin ƙasarmu ba wanda ya damu da ƙirga su. Mutanen Madarumfa sun san giwaye suna zuwa dajin Baban Rafi. Ina suke yau? Fari ya ci nasa, gatari ya ci nasa, bindiga ta ƙarasa saura. Lokacin nan kowa kyauta yake ganinsu, kuma babu wanda aka ɗora wa tsaronsu.

Ku dubi raƙumin dawa. A da irin namu ya bazu tun daga Senegal har tafkin Cadi. A 1996 da aka ƙirga, 49 kaɗai suka rage a duniya, dukansu nan Nijar. Sai aka tsananta hana kashe su, aka sa masu tsaro, aka koya wa samarin ƙauyukan Kure aikin jagora, ƙungiyoyi suka taimaki manoman wurin. Zuwa 2017 sun wuce 600. A 2018 aka ɗauki 8 cikin mota aka kai su Gadabeji, tafiyar wajen kilomita 800, bayan an yi kusan shekara 50 ba a ga ko ɗaya can ba. A 2022 aka ƙara 4. Wannan aiki yana cin albashi, yana cin man mota, yana cin gyaran hanya da rijiya. Kuɗin da baƙo ke biya a ƙofa ba ya isar duk wannan, amma shi ne namu hannun cikin ɗaukar jinkar.

Yanzu ga yadda kuɗin yake. Yawanci kashi huɗu ne. Akwai kuɗin kai, kowane mutum da nasa. Akwai kuɗin mota. Akwai ladan ɗan jagora. In za a kwana, akwai kuɗin masauki. Wasu wurare kuma suna karɓar wani abu daga mai babbar na'urar ɗaukar hoto. Bisa al'ada ɗan ƙasa ba ya biyan abin da baƙon waje ke biya, nasa ya fi sauƙi, saboda haka kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. Hukuma ce ke yanke farashi kuma yana canzawa, don haka a biron ma'aikatan gandun daji ake tambayarsa, ba a tasha ba. Masu ci-rani a Najeriya da suka taɓa zuwa Yankari ta jihar Bauci sun ga irin wannan tsari, can ma a ƙofa ake biya.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne takardar shaidar biya. In ka ba da kuɗi, ka karɓi takarda mai hatimi. In wani ya ce maka kawo rabi ka wuce ba takarda, kada ka ga kamar ka yi wayo. Wannan kuɗi aljihu ya shiga, dabba ba ta gani ba, ƙauyen da ke gefe bai gani ba. Manomin Kure da raƙumin dawa ya cinye masa wake yana da hakkin ya tambaya ina amfaninsa. Haka jikokin mutanen da aka tayar daga cikin Gandun W zamanin Nasara. Ba za a iya ba su amsa ba sai in akwai lissafi, lissafi kuwa daga takardar nan yake farawa.

Sai dokoki. Kowace da dalilinta.

Ta farko: ba a shiga sai da ɗan jagora. Daji ba shi da allo. Shi ya san hanya, ya san inda dabbobi ke shan ruwa, ya san giwar da ke da ɗa. Maganarsa ita ce doka, ko da ka haife shi.

Ta biyu: a Gandun W ba a sauka daga mota sai inda aka yarda. Ɓauna kamar saniya take ga ido, amma mafarauta sun san ba ta da wasa. Dorina in ka shiga tsakaninta da ruwa ba ta kauce maka. A Kure akan sauka a taka da ƙasa, amma nesa kaɗan, bayan ɗan jagora, don harbin ƙafar raƙumin dawa yana iya kashe zaki.

Ta uku: mota ta bi hanyar da aka shata, a hankali, ba oda, ba kiɗa, ba ihu. Ba a yawo da dare. Safiya da la'asar su ne lokacin gani, da rana tsaka dabba inuwa take nema kamar mu.

Ta huɗu: ba a shiga da bindiga, ko baka, ko tarko, ko kare. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta ran 29 ga Afrilu 1998 ta tanadi tara da kaso ga wanda ya taɓa dabbar da aka hana. Kada wani ya ce ɗan gashi ko ɗan kitse zai samo don magani.

Ta biyar: ba a hura wuta sai wurin da aka keɓe. Guntun taba guda cikin hunturu ya isa ya cinye ciyawar da dabbobi za su ci har damina.

Ta shida: ba a ba dabba abinci. Birin da ya saba da karɓa gobe ƙwacewa zai yi, jibi ya yi cizo. Leda da gwangwani kuwa, wanda ya shigo da su shi zai fita da su.

Ta bakwai ta shafi ƴan'uwanmu masu bisashe: cikin Gandun W ba a kiwo, ba a sarar itace, ba a noma. Na san zafin rani, na san yadda ciyawar ciki ke kiran makiyayi. Amma garken da aka kama, tararsa tana iya cin shanun da aka je ceto. A bi burtali.

Lokacin ziyara kuwa rani ne, kamar daga Disamba zuwa Mayu. Da damina hanyoyin Gandun W ba su biyuwa.

Akwai magana mai nauyi da ba zan ɓoye muku ba. Ran 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da ƴan ƙasarmu 2, direba da ɗan jagora. Bayan haka hukuma ta dakatar da ziyara wurin. Gandun W ma masu ɗauke da makamai sun shiga shi cikin shekarun nan, an kashe masu tsaro, baƙi sun ɗauke ƙafa. Saboda haka dokar da ta fi duka ita ce neman izini. Kada mu ɗauki ƴaƴan mutane zuwa ko'ina sai hukumar jiha da ma'aikatan gandun daji sun ce hanya ta yi. In sun ce a dakata, a dakata. Rigakafi ya fi magani.

Shawarata ga ƙungiya uku ce. A naɗa mutum biyu su je biron gandun daji na Maraɗi su tambayi halin Gadabeji, da farashi, da ko akwai ragi ga ƴan lakwal, su zo mana da amsa a rubuce. A fara tara kuɗi tun yanzu, mai jikka ya kawo, mai dala ashirin ya kawo, ma'aji ya rubuta. Sannan mushe ya karanta wa yara dokokin nan kafin ranar tafiya.

Yaranmu da yawa a littafi kaɗai suka san raƙumin dawa, alhali mutane sun sha ƙetare teku don ganinsa a ƙasarmu. Gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya ya ga wannan dabba tana cin ganyen gawo, ya ga an biya an karɓi takarda, da wuya ya girma ya ɗana mata tarko.

Iyakar abin da ke gare ni ke nan. Mai tambaya ya yi. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya.