Aikin Gayya a Ajin Adabi



An nemi in yi magana a kan wani kuka da ya yawaita a tsakaninmu. Malamin adabi ya raba aji rukuni-rukuni, ya ce, "Ku je ku yi nazarin wani abu daga adabin ƙasar Haɗeja," ya yi shiru. Bai faɗi littafi ba, bai faɗi yawan shafi ba. Sai ɗalibai su ce an jefa su a kogi ba kwalekwale. Ni kuwa a ganina amana ce aka damƙa mana.

Mu tuna, ƙagaggun labaranmu na boko da irin wannan umarni suka soma. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasa, ta nemi malamai su ƙago labari da Hausa, ta bar wa kowa zaɓin abin da zai faɗa. Daga nan muka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na biyar ɗin, Jiki Magayi, aikin haɗin gwiwa ne tsakanin John Tafida da East kansa.

To, ina rukuni zai dosa? Abu na farko shi ne taƙaita batu, domin wanda ya ce zai kwashe kogi da ƙwarya, gajiya kawai zai kwasa. Wani rukuni ya ɗauki waƙa ɗaya tak daga waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, ya dubi jigonta da salonta. Wani ya bi dattawan birni, ya ji yadda ake ba da labarin yaƙin 1906, wanda Turawa suka kashe Sarki Muhammadu Mai Shahada a cikinsa, ya gwada da abin da aka rubuta.

Amma inda aiki ya fi gaggawa shi ne fadama. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Chalawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta sauya. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su a yankin Guri da Kirikasamma. Idan sana'a ta yi rauni, adabinta yakan bi ta. Kirarin masunta, da waƙoƙin tuƙin jirgi, da labaran iskokin ruwa, da waƙoƙin daɓe da niƙa na mata, duk a ƙirjin tsofaffi suke. Dattijon da ya rasu bana ba zai jira rukunin baɗi ba. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya nuna mana hanya da littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni. Yau kuwa kusan kowannenmu yana da na'urar ɗaukar magana a cikin wayarsa.

Abu na biyu shi ne rabon aiki. A gayya, kowa da kunyarsa, kuma mai gona yana ganin wanda ya noma da wanda ya fake a gindin tsamiya. Tun ranar farko a rubuta: wane zai tafi ƙauye, wance za ta zauna da matan gida inda namiji ba zai shiga ba, wane zai juya magana zuwa takarda, wance za ta daidaita rubutu. Sa sunan wanda bai yi komai ba a bangon aiki, cin gumin wani ne, kuma cuta ce ga shi mai sunan, domin ranar da zai tsaya shi kaɗai tana tafe.

Abu na uku shi ne ladabi ga masu ba mu ilmi. A fara da gaida mai gari ko Sarkin Ruwa, a nemi izini kafin a ɗauki murya, a rubuta sunan mai waƙa da garinsa da ranar da aka ji shi. Kada a gyara masa Hausarsa ta koma ta Kano, gama karin harshensa yana cikin abin da muka je nema.

Ga malamanmu kuma ina da roƙo. Ku bar mana zaɓin batu, amma ku bayyana mana ma'aunin da za ku auna mu da shi, ku kuma tambayi kowane ɗalibi baki da baki a kan rabonsa. Sannan a ajiye abin da aka tattaro a ɗakin karatu, domin na baya su ɗora daga inda muka tsaya.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani. Wassalamu alaikum.