Bashin Karatu da Albashin Ƙananan Ma'aikatan Lafiya



A Amurka, dubban matasa, akasarinsu mata, kan ci bashi su shiga kwas na 'yan watanni domin zama mataimakan likita, ko masu ɗibar jini, ko masu taya likitan haƙori aiki. Sana'a ce mai daraja, asibiti ba ya tafiya sai da su. Sai dai albashinta ba shi da kauri, ga makarantun kuɗi suna tsawwala farashi.

Alal misali, kamfanin Corinthian, mai makarantun kuɗi na Everest, ya durƙushe a 2015 bayan an gano yana ƙara gishiri a yawan ɗalibansa da suka samu aiki. A 2022 gwamnati ta yafe bashin dala biliyan 5.8 da ke wuyan tsofaffin ɗalibansa kimanin 560,000.

A 2023 Ma'aikatar Ilimi ta kafa wa irin waɗannan kwasa-kwasan ma'auni: abin da ɗalibi ke biya na bashi a shekara kada ya wuce kashi 8 cikin 100 na abin da yake samu, ko kashi 20 na rarar da ke saura bayan buƙatun dole. Kuma lallai ya fi wanda ya tsaya a sakandare samun kuɗi. Wannan adalci ne.

Iyaye da ɗalibai, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku sa hannu a takardar bashi, ku tambayi nawa waɗanda suka gama kwas ɗin ke ɗauka a wata, ku kwatanta da kuɗin kwalejin gwamnati mafi kusa da ku.