Jawabin Cikar Shekara: Ba Mu Raba Asusu Ba



Kun tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi? Tumatir na ruɓewa a kwando, mai saye ba kuɗi a hannu, adashe ya tsaya cak. Gaskiya mun tsorata. Wasunmu har suka ce a raba asusu, kowace ta kama gabanta.

A taron addu'a muka buɗe 1 Sarakuna 17, mu da sai da girma muka koyi haɗa baƙi. Gwauruwar Zarefat, ɗan gari da ɗan mai suka rage mata, amma ta fara toya wa Iliya. Nan muka fasa rabon, muka ba gwaurayenmu bashin masara ba ruwa.

Bana ma farashi na tsorata mu. Mai neman rance ta ga ma'aji bayan abinci.