FITILAR BABUR: IDON MAHAYI DA DARE



Maganar da zan yi muku yau ta shafi wani ɗan ƙaramin abu wanda rai yakan rataya a kansa, wato fitilar gaban babur. Babur ya zama abin hawan talaka a ko'ina cikin ƙasar nan. Shi ke kai malami makaranta, ya kai manomi gona, ya kai mara lafiya asibiti, kuma shi ne jarin ɗan acaɓa. Amma da rana ta faɗi sai ka ga babura da yawa suna tafe da wata 'yar wuta ja wadda ba ta fi ta aci-bal-bal ba. Mai irin wannan fitila tafiyar makaho yake yi, sai dai makaho ya fi shi hattara, domin shi ba ya gudu.

Mu ɗan yi lissafi. Wanda ke gudun kilomita 50 a awa yana shafe kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga rami, ƙafa ta kai ga birki, daƙiƙa guda ta wuce, ko ma fiye, kuma babur ba ya tsayawa nan take. Ashe ke nan, idan fitilarka ba ta haska abin da ya wuce mita 15, duk abin da ka hango ka riga ka hau shi, ko rami ne, ko amalanke, ko motar da ta mace a hanya, ko yaron da aka aika.

Da yawa daga cikinmu, in fitila ta dushe, sai mu tafi kasuwa mu ce a ba mu ƙwai mafi girma. A nan kuskuren yake. Yawancin ƙananan babura suna samun wutar fitila ne daga maganeto, wato wasu naɗaɗɗun wayoyi da ke ba da wuta in inji yana juyawa. Shi ya sa a kan wasu baburan fitila kan yi rauni in an sassauta mai, ta ƙara haske in an murɗa. Wutar nan kuwa ƙididdigaggiya ce. Tsofaffin babura da dama suna aiki da wuta mai lamba 6V, na yanzu kuma galibi 12V, da ƙwai mai wat 25 ko 35. In ka ɗora ƙwan mota mai wat 55 ko 60, maganeto ba zai iya ciyar da shi ba. Haske sai ya ragu maimakon ya ƙaru, zafi kuma yana iya narkar da mazaunin ƙwan. Saboda haka, kafin a sayi kome, sai a bincika inda hasken yake zurarewa. Wurare huɗu ne.

Na farko, gilashi da kwanon nan mai sheƙi da ke bayan ƙwai. Ƙurar hunturu da taɓon damina sukan rufe gilashi. A wanke shi da ruwa da sabulu kafin tafiyar dare. Kwanon kuwa shi ke tattara haske ya jefa shi gaba. In ruwa ya shige shi ya yi tsatsa, ko sheƙinsa ya kwaile, babu ƙwan da zai yi amfani a cikinsa, sai a sake wani. Kada a goge shi da tsumma mai kaushi.

Na biyu, wayoyi. Wannan shi ne ɓarawon da ba a gani. Ƙwai mai zare a ciki, in wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30. Tsatsa a mahaɗar waya, ko makunnin da ya cika da ƙura, ko wayar da aka ƙulla da hannu aka naɗe da leda, duk suna cin wuta a hanya. A kula musamman da wayar da ake ɗaure wa jikin ƙarfen babur, domin ta nan wuta ke komawa. A kwance ta, a kankare tsatsar, a ɗaure tam. In babur ɗinka daga batir fitilarsa ke shan wuta, a duba lafiyar batirin da bakunansa. In kuwa ƙwai yana yawan ƙonewa, a sa makaniki ya auna na'urar da ke daidaita wuta.

Na uku, ƙwan kansa. Ƙwai yana tsufa, cikinsa ya yi baƙi tun bai mutu ba. A karanta lambobin da ke jikin tsohon, a sayi daidai da su. In mai halojin ne, kada a taɓa gilashinsa da yatsa, don maiƙon hannu yana gajarta kwanansa. Akwai kuma ƙwai na zamani da ake kira LED, mai farin haske da cin wuta kaɗan. Yana da amfani, amma da sharaɗi. In fitilarka daga maganeto take shan wuta kai tsaye, sai a nemi wanda aka ƙera domin haka, in ba haka ba zai riƙa ƙiftawa ko ya lalace. Wanda kuma bai zauna daidai cikin kwano ba yakan watsa haske ko'ina, ya kashe idon mai zuwa. Direban da ka makantar kuwa, kai zai fara bugewa. Araha ba ta ado.

Na huɗu, saiti. Fitila mai kyau in tana kallon sama, rassan itace take haskawa. Da dare, a sami fili mai baje, a tsayar da babur mita 5 daga bango, mahayi yana zaune a kai. A auna tsawon tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama a bango daidai wannan tsawo. A kunna wutar kusa, wadda direbobi ke kira dim. Saman hasken ya kamata ya sauka kamar santimita 5 a ƙarƙashin alamar. In bai yi ba, a sassauta ƙusar saiti a gyara. A tuna kuma, fasinja ko buhu a baya yana ɗaga hancin babur.

Kada a manta da jar fitilar baya, domin ita ce ke gaya wa direban babbar mota cewa akwai mutum a gabansa. Doka ta wajabta fitilar gaba da ta baya, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, suna da ikon tsayar da wanda ba shi da su. Amma kada tsoron tara ya zama dalilinka. Iyalinka na jiran ka a gida.

Daga ƙarshe, 'yan uwa, in an yi duk wannan haske bai wadata ba, to saura magani guda wanda ba a saye da kuɗi: rage gudu, yadda za ka iya tsayawa cikin iyakar abin da fitilarka ta nuna maka. Sauri ya haifi nawa. Wanda ya karanta wannan takarda, don Allah ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.